Wankin Malam

A Dogon Kanal, wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, akwai wata ƙara mai zuwa da lokacinta. Idan an gama feshin tumatur na ƙarshe, wajen watan Fabrairu, sai jarkokin maganin ƙwari su dawo gida wayam, mata su karɓe su hannu biyu. Jarka ce mai kauri, mai murfin da ba ya yoyo, ta fi duk wadda ake sayarwa a kasuwar Bunkure. Sai a tace ruwan toka a ɗura mata, a rufe, a girgiza. Kwacal, kwacal, kwacal. A zubar, a sake, har sau uku, a kife ta a rana. Shi ke nan ta zama jarkar ruwa, ko ta man gyaɗa. Wannan shi ake kira wankin Malam, kuma Malam ɗin yana nan da ransa, yana jin ƙarar ta kan katanga.

Malam Mukhtari ke nan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da kemistiri a sakandare, ga yaran da rabinsu inuwa ce ta kawo su aji. Ɗakin gwaje-gwajen makarantar babu komai a cikinsa sai yanar gizo da kwalaben da sunayensu suka goge. Don haka shi da matarsa Saude suke mulmula laka ƙanana-ƙanana, su shanya a kan katanga, ya haɗa su da tsinken tsintsiya ya nuna wa yara yadda ƙwayoyin zarra suke riƙe juna. Yaran suna kiransa Malam Fura a bayan idonsa. Ya sani. Ya yi ritaya da akwati huɗu na littattafai, da gonar tumatur eka ɗaya a bakin ƙaramin kanal, da kuma sunan mutumin da ya san abin da ke cikin jarka.

Tun kafin ritayar ne, a wani taron suna, ya ji ana hirar yadda mata ke ɗauraye jarkar magani da ruwan kanal kawai. Ya yi faɗa, sannan ya yi bayani, don shi bai iya ɗaya ba tare da ɗayan ba. Ya ce irin wannan magani ba ya jure ruwa mai kaifi irin na toka, ƙirarsa karyewa take yi ta koma abin da ba ya kisa. Bai yi ƙarya ba, haka yake a littafi. “Sau uku” ɗin ne ya ƙara daga aljihunsa, saboda ya san mutanensa. Abin da aka ce a yi sau uku kamar alwala ba a manta shi. Ba a kuwa manta ba. Maganar ta bi ruwa har Kadawa.

A shekarar 2003 ya tafi Kano makin jarrabawa na kwana tara. Ranar tafiyar ya bar Saude a tsakar gida, tsugune a gindin randa, tana girgiza wata jarka ruwan ɗorawa tana ce masa kada ya manta da zaren saƙarta. Ta zuba man gyaɗa a jarkar, ta yi ta girki da shi ita kaɗai, don 'yarsu tilo, Rufaida, tana jami'a. Da ya dawo, a asibiti ya same ta. Gumi, yawu, numfashi kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Aka ce ciwon ƙirji ne, dama tana da shi. Shi kuwa ya ɗaga fatar idonta, ya ga ƙwayar ta tsuke kamar kan allura. Wannan ma ya san shi, alamar gubar maganin ƙwari ce, tana cikin littafin nan dai, babi biyu a gaba. Bai ce komai ba.

Bayan sadakar uku ya tuttule man a rami, ya sa jarkar a ƙarƙashin riga ya kai ta babban kanal ya jefa. Ta ƙi nutsewa. Ya tsaya yana kallonta tana tafiya a hankali, tana juyi, ta nufi gonakin mutane inda ba za a rasa mai tsinta ba.

Tun daga nan Saude take dawowa duk Fabrairu. Ba ya ganinta, shi ba mutumin gane-gane ba ne. Ji yake yi. Da hantsi yana zaune da littafi sai ƙarar ta taso daga gidan maƙwabcinsa Sammani, ko daga can gaba, amma kunnensa ya rantse daga gindin randarsa ne. Wani lokaci har da warin, irin na tafarnuwar da ta ruɓe. Yakan ɗaga kai daga littafin ya ƙirga. Ɗaya, a zubar. Biyu, a zubar. Uku. Sai shiru, sai ya tarar yana jiran ta yi masa maganar zare.

Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: wankin ne ya kashe ta, ko ƙirjin? Idan ƙirjin ne, to shi tsoho ne mai yawan tunani kawai. Idan wankin ne, to duk ƙarar da ke tasowa ta kan katanga da sunansa take tasowa, kuma shirunsa yana nan yana aiki a gidajen mutane. Shekara huɗu yana yi wa kansa maki, ya ba da, ya soke.

A Fabrairun 2007 Rufaida ta zo gida. Tana digiri na biyu a kemistiri, ta gama aikin lissafinta, saura rubutu, ta ce a gida ya fi shiru. Ta zo da kwamfutar hannu, tsohuwa, mai batirin da ba ya wuce minti arba'in. Bayan azahar ta buɗe ta a kan tabarma a baranda, shi kuma ya leƙo ta saman tabarau.

“Wannan ce kemistirin taku?” in ji shi. “Babu kwalba, babu wuta, babu wari. A zamaninmu mai irin wannan aikin akawu ake ce masa.”

“Baba, kai ma ai babu kwalba ka yi taka. Da laka ka yi.”

“Laka ta fi gaskiya. Idan na yi kuskure faɗuwa take yi a gaban yara.”

“Wannan ma tana faɗuwa. Sau uku NEPA tana kashe min aikin kwana biyar.”

Ta yi masa bayani a taƙaice, don ta san ba ya son a koyar da shi. Akwai babbar kwamfuta a sashensu da ke lissafa inda kowace ƙwayar zarra za ta tsaya da irin ƙarfin da ake bukata kafin ta motsa. Ita wannan manhajar da ke gabansu nunawa kawai take yi, ta ɗauki tulin lambobin ta mayar da su hoto. Ta taɓa da yatsa, sai ga abin ya bayyana a kan baƙin allo. Ƙwallaye ne da sanduna, ja da fari da toka-toka, kamar nasa na laka amma an yi musu wanka. Ta ja yatsa, duk ginin ya juya a hankali ya nuna bayansa.

Malam Mukhtari ya zauna ba tare da ya yi niyya ba. Shekara talatin da ɗaya yana roƙon yara su ga wannan a cikin kansu.

“Juya shi hagu,” ya ce. “Tsaya. Wannan mai ruwan lemon, a tsakiya, mai hannu huɗu?”

“Fosfaras.”

“Na ga alama. Da ruwan ɗorawar nan a kansa.” Ya gyara tabarau. “Wannan ai dangin maganin feshi ne.”

“Shi ne. Wanda ake fesa wa tumatur.” Idonta yana kan allo. “Aikina a kan yadda yake karyewa ne a ruwa mai kaifi.”

Ya matso kusa da allon.

Ta danna. Daga gefen allon wata 'yar ja mai ɗauke da farin ɗigo ta taho, ta kusanci ruwan lemon. Hannayensa suka buɗe kamar haƙarƙarin lema. Ta manne masa. A ɗaya ɓangaren kuma doguwar jelar da ke riƙe da shi ta saki, ta ja da baya ta tafi abinta. Duka-duka daƙiƙa uku.

“Sake,” in ji shi.

Ta sake.

“Wannan jar, ita ce ke cikin ruwan toka.”

“Ita ce.”

“Ya karye ke nan.”

“Ya karye.”

Ranar malmala biyu ya ci, har ya ce miyar ta yi gishiri, abin da ya shekara huɗu bai lura da shi ba.

Daga nan kwamfutar ta zama tasa. Kullum da safe ya naɗe ta a tsohuwar babbar riga, ya ɗaure a bayan babur, ya kai ta wani shagon magani a Kura inda ake tayar da janareta. Ya zauna awa biyu yana gyara wa mai shagon Turancin jarida, ya dawo da minti arba'in ɗinsa. Rufaida ta koma rubutu da biro. Ya koyi juya hoton, ya koyi matso da shi kusa, ya koyi auna tsawon sanda tsakanin ƙwallo da ƙwallo yana gunaguni idan ya yi daidai da abin da ya haddace. Amma abin da yake komawa gare shi shi ne daƙiƙa ukun nan. Jar ta zo, jelar ta tafi. Ya kalla sau nawa, Allah kaɗai ya sani. Da ƙarar ta taso daga gidan Sammani a rana ta uku, har gyaɗa kai ya yi, kamar malamin da ya ji yara suna maimaita darasi daidai.

Akwai wani ɗan layi a ƙasan hoton da ake ja da yatsa. Ya gano cewa idan aka ja shi baya, komai komawa yake yi. Jelar ta dawo daga inda ta tafi, ta kama, jar ta saki ta fice, guba ta tashi cikakkiya kamar ba a taɓa ta ba. Sau ɗaya ya gwada. Ya janye yatsansa kamar ya taɓa murhu. Abin da ya dame shi ba gubar ba ce. Sauƙin ne, a ce akwai wurin da ake jan layi abin da ya tafi ya dawo.

A rana ta shida ya danna wani wuri da bai taɓa dannawa ba. Hoton ya tsaya a tsakiyar hanya, jar ba ta gama kamawa ba, jelar ba ta gama saki ba, sai duk abin ya kama rawa. Gaba, baya. Gaba, baya. Ya jira ya wuce, bai wuce ba.

“Rufaida, na lalata miki kaya.”

Ta leƙo daga ɗaki da biro a baki. “Ba ka lalata ba. Ƙololuwar tudun ke nan. Da haka muke tabbatar mun same ta. A nan motsi ɗaya ne ke da hanya biyu, ko ya gangara gaba ko ya koma. Ita manhajar maimaitawa take yi don ka gani.”

“Har yaushe?”

“Har ka kashe.”

Ta koma. Shi kuwa bai kashe ba. Yana zaune yana kallon abin yana kaɗawa tsakanin guba da abin da ba guba ba, sai matar Sammani ta fara wanke jarka. Kwacal, jar ta matso. Kwacal, ta ja da baya. Tafiyarsu ɗaya, kamar hannu ɗaya ne ke girgiza su. Warin ya zo, mai ƙarfi, daga gindin randa. Bai waiwaya ba, don ya san idan ya waiwaya babu kowa, kuma wannan ya fi muni. A gidan Sammani an yi uku an gama. A allon ba a gama ba, sai da batirin ya mutu hoton ya ɗauke, ya ga fuskarsa a baƙin gilashi.

Tudun. Ai ya san shi. A ƙasan hoton, ta dama, akwai wata 'yar taga da aka zana layi ya hau ya gangara, da lamba a samansa. Shi da kansa ya zana wannan tudu a allo duk shekara, yana gaya wa yara cewa abu ya iya faruwa daban, ya faru da wuri daban, kuma tsayin tudun ne ke yanke hukunci. Yakan ba da sifili ga duk wanda ya rikita su. Kwana shida yana ɗora idonsa a saman tagar nan, yana kallon ƙwallaye kamar ɗan aji ɗaya.

Bayan la'asar ya same ta a bayan gida tana yanka tumatur don kauɗa, tana jerawa a kan buhu. Kasuwa ta faɗi a makon, kowane gida shanya yake yi, har bakin titi ya yi ja. Ya jawo turmi ya kife ya zauna.

“Nawa ne tsayin tudun?”

Ba ta tambayi wane tudu ba, ba ta kuma nemi kwamfuta ba. “Kilokalori ashirin da 'yan kai.”

“Mayar min da shi agogo.”

Wuƙar ta tsaya. “Idan tokar ta yi ƙarfi sosai, awoyi kafin rabi ya karye. Rabi, Baba. Idan ta tsinke, kwanaki.”

“Hoton daƙiƙa uku ne.”

“Hoton hanya yake nunawa, ba ya nuna jira. Ni na zaɓi saurin. In kana so in mayar da shi daƙiƙa ɗaya, ko in ja shi ya yi wuni.”

“Lissafin naku yana kuskure. Kin faɗa da bakinki.”

“Yana yi. Zai iya kaucewa ninki goma. To ka raba da goma.” Ta ɗauki wani tumatur ta tsaga. “Girgiza uku minti nawa ne?”

Babu wanda ya fi shi sanin amsar a duk faɗin Kano. Ba ya kai minti biyu.

“Akwai kuma abin da ba ya cikin kwamfutar,” in ji ta. “Roba tana shan maganin. Ruwan toka saman yake lasa, ba ya shiga ciki. Mai kuwa jawo shi yake yi.”

Wata kaza ta zo ta ɗauki ɓarin tumatur ta gudu, babu wanda ya kore ta.

“To ita,” ya ce, ya tsaya. “Shi ne?”

“Ban sani ba. Ba a ɗebi jininta ba. Kwamfuta curin magani ɗaya ta sani, a cikin ruwan da babu shi a duniya. Ba ta san Inna ba.” Ta goge wuƙar a gefen buhu. “Wankin ba ya wankewa. Wannan na sani.”

Sai a lokacin ya lura cewa bai ambaci jarka ba, bai ambaci mai ba, ita ce ta kawo su.

“Yaushe kika sani?” ya tambaya.

“Ranar sadakar uku. Ina wanke kwanuka a nan, ka wuce da abu a ƙarƙashin riga. Babbar riga ba ta ɓoye jarka, Baba.”

“Shekara huɗu.”

“Magungunan feshi sun fi ɗari. Wannan na zaɓa.”

“Me ya hana ki faɗa min da baki, kamar 'yar mutane?”

“Kai ba ka karɓar magana da baki. Da na faɗa, da ka tambaye ni wane littafi, wane shafi. Ka ba ni sifili.”

Ya so ya musa, amma shi mutum ne mai mutunta amsa daidai ko daga wa ta fito.

“Kin bar ni kwana shida ina kallon ƙwallo kamar wawa.”

Ta sunkuyar da kai. “Na ga kana cin abinci.”

Ya daɗe a kan turmin. Ita ta ci gaba da yanka, amma yankan ya daina zuwa daidai, wani rabi, wani kashi uku. Babu wanda ya yi kuka. Gidan ba su saba ba, Saude ce mai yi musu. Daga baya ya tashi, ya karkaɗe riga, ya fita ba tare da ya ce ga inda za shi ba.

Sammani yana ƙofar gidansa yana gyaran kwandunan da suka dawo daga kasuwa. Manomi ne mai fara'a, irin wanda ko ambaliya ce ta zo zai ce an huta da ban ruwa. A kan katangarsa jarkoki uku ne a kife, shuɗaye, suna shan ragowar rana.

“A'a, Malam da kansa. An ce ka koma makaranta, 'yarka ce hedimasta.”

“Haka ne. Na kuma faɗi jarrabawa.” Bai zauna ba. “Sammani, wankin nan na toka. A daina. Ba ya fitar da maganin.”

Sammani ya yi dariya yana jiran ƙarashen barkwancin. Da bai zo ba, ya ajiye kwando.

“Malam, ai kai ka ce.”

“Ni na ce. Ni nake cewa yanzu.”

“To tokar ce ta canza, ko maganin?”

“Babu wanda ya canza. Ni ne ban gama karanta shafin ba.”

Ya yi masa bayani, na tudu da na jira da na roba mai shan magani. Ya yi shi da kyau, ya fi yadda ya taɓa yi a aji. Sammani yana gyaɗa kai da ladabi, irin gyaɗawar da Malam Mukhtari ya sani sarai daga benci na baya.

“Na gane,” in ji Sammani. “Ukun ne ya yi kaɗan. To a mayar da shi bakwai mana. Zan gaya wa mai ɗakin, dama ba ta da aiki sai surutu.”

“Babu adadi. A huda, a binne.”

“Jarka lafiyayya? Malam, shekara nawa muna sha a ciki. Ga ni nan, ga yarana, sai dai ɗan ciwon kai, shi ma rana ce.” Ya sassauta murya. “Kwamfuta ce ta faɗa, ko? Ka yi haƙuri, amma kwamfuta ba ta taɓa zuwa Dogon Kanal ba sai makon jiya.”

Malam Mukhtari ya dubi jarkokin. Ya ga cewa kemistiri ta kai iyakarta a ƙofar nan. Abu ɗaya ya rage a hannunsa, kuma shi ne wanda ya shekara huɗu yana riƙewa.

“Saude ta wanke jarka sau uku, ranar da zan tafi Kano,” ya ce. “A gabana, yadda na koya mata. Ta zuba man gyaɗa. Da shi ta yi girki har aka kai ta asibiti. Na ga idonta, na san abin da na gani, na yi shiru.”

Sammani bai taɓa jin sunan a bakinsa ba, ko tana da rai. Ya miƙe tsaye.

“Subhanallahi. Malam, kada ka faɗi haka. Kwananta ne ya ƙare. Ko babu jarka a duniya, ranar ce ranarta. Shaiɗan ne ke kawo maka wannan, ka yi ta'awwuzi.”

“Ranarta ce, ban musa ba. Amma ba a kan ranar za a tambaye ni ba.”

“Kowa ya san ƙirji ne. Likita ya faɗa.”

“Sammani, ba jaje na zo karɓa ba, na karɓa tun tuni. Jarka na zo karɓa.”

Suka tsaya. Daga cikin gida ana jin daka. Sammani ya dubi ƙasa, ya dubi katanga, ya shafa gemu. Sannan ya je ya ɗauko jarkokin ukun ya ajiye a gaban Malam ɗin. Ya shiga ciki, aka ji muryoyi, ta mace ta ɗan yi sama ta sauka. Ya fito da ta huɗu, da mai a cikinta har rabi. Ya ajiye ta nesa da sauran, ya goge hannunsa a riga sau biyu.

Ya miƙa wa Malam ɗin wuƙar gyaran kwando. Robar ta yi tauri, sai da Malam Mukhtari ya durƙusa ya danna da nauyinsa. Sammani ya riƙe masa. Haka suka huda su ɗaya bayan ɗaya har suka gama.

“Ba zan faɗa wa kowa ba,” in ji Sammani a hankali. “Maganar marigayiya. Ta tsaya a nan.”

“Da ban faɗa maka ba, da ka ba ni?”

Sammani ya dubi jarkokin da suka huda.

“To ka gani.”

“Malam, gida nawa ne? Abin nan fa har Kadawa. Har Bunkure na ji ana yi. A kowace ƙofa za ka tsaya ka faɗi wannan?”

“Gidan wa ke bin naka?”

“Ibrahimu. Shi kuwa ka san shi, gardama kamar lauya.”

“Ara min wuƙar.”

Tsakanin ƙofar Sammani da ta Ibrahimu taku ashirin ne, ƙafarsa ta yi su kamar a cikin taɓon gona. Rana ta yi ƙasa, masu ban ruwa suna dawowa da fartanya a kafaɗa, suna gaishe shi, yana amsawa. Ya tsaya a bakin zauren ya yi sallama. Aka amsa daga ciki, aka ce ana zuwa. Ya ji ana neman takalmi.

Ibrahimu ya fito yana ɗaura agogo, ya ga Malam, ya ga wuƙa, ya yi murmushi.

“Malam, lafiya? Ko layya ce ta zo da wuri?”

Malam Mukhtari ya bar tudu, ya bar roba, ya bar littafi.

“Ka tuna Saude,” ya ce.